Kujerar Celo ta Shida

Shekara ashirin da biyu Clarrie Tulloch ya yi yana kaɗa celo, babban gogen nan na Turawa, a ƙungiyar makaɗan garin Port Ellery, kuma duk shekarun nan akwai ɗan tauraro kusa da sunansa a takardar da ake raba wa 'yan kallo. A can ƙasan shafin, da ƙananan haruffa, an rubuta ma'anar tauraron: ɗan aro. Wato in ana bukatarsa a buga masa waya, in ba a bukata ya ci gaba da koya wa yaran makaranta yadda ake riƙe bakan goge. Kusan kullum ana bukatarsa, har mutanen gari suka ɗauka ma'aikaci ne kamar kowa. Shi dai ya san ba haka ba ne, domin duk ranar wasa sai ya buɗe takardar ya duba, ya tarar da tauraron yana nan daram.

Kujerarsa ita ce ta shida, ta ƙarshe a layin masu celo, dab da ginshiƙin da iska ke shigowa ta bayansa. Zauren tsoho ne, attajiran ulu suka gina shi tun kafin a haifi kakan Clarrie, kuma ba a taɓa canja katakon dandamalinsa ba. Duk gefen masu celo ya cika da ƙananan ramuka, inda mutane tsara bayan tsara suka kafa tsinken ƙarfen da ke ƙasan kayan kiɗan. Clarrie yana da nasa ramin. Ya gano shi a shekararsa ta biyu, a kan wata gaɓa inda akwai gungume a ƙarƙashi, in ka kafa tsinkenka a nan sai sautin ya bi katako ya cika zauren. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ba don rowa ba, sai don ba wanda ya taɓa tambaya.

A watan Yuli, tsakiyar sanyi a wannan yanki na duniya, aka sanar cewa za a mayar da kujera ta shida ta dindindin. Sai dai doka ita ce doka, dole a yi gwaji, kowa daga ko'ina ya zo ya nema. Clarrie yana da shekara hamsin da tara. In ya ci, tauraron ya tafi. In wani ya ci, kujerar ta tafi, wayar ma ta daina ƙara.

Gwajin kuwa a bayan labule ake yinsa. Alƙalai biyar za su zauna a kujerun 'yan kallo, a ja baƙin labule mai kauri a gaban dandamali, masu nema su ciri lamba daga cikin hula. Ba magana, ba tari, ba gyaran murya. Har kafet ake shimfiɗawa don kada ƙarar takalmi ta nuna mace ce ko namiji. Duk wannan yana aiki ga kowa ban da Clarrie. Yana ɗan shekara sha huɗu tarakta ta kife da shi a gonar tuffa ta babansa, ƙafar hagu ta gajarta, tun daga nan yake taka ɗaya da ƙarfi ya ja ɗayar. Katakon zauren kuma ba ya rufa wa kowa asiri, ko ka shimfiɗa kafet bakwai sai ya yi ƙara.

Valda Prosser, shugabar masu celo, ita ce babba a cikin alƙalan. Mace ce da ba ta iya ɓoye alherinta ba, in ta yi niyyar taimakonka sai ta yi shi a gaban idonka. Saura kwana uku gwaji ta same shi a ɗakin shayi, ta tura masa yankan kek mai kwakwa, ta duba hagu da dama.

"Clarrie, ranar Alhamis ka yi tafiyarka yadda ka saba," in ji ta. "Kada ka ce za ka yi sanɗa. Na yi magana da mutum biyu, da ni mun zama uku. Shi ke nan."

Ya ce mata ya gode, domin ba shi da wata kalmar a kusa. Ya cinye kek ɗin ma. Amma abin ya yi masa ciwo, ciwon da bai yi tsammani ba. Wata biyu yana tashi da asuba yana gwada kiɗa a ɗakin wanki don kada ya tashi maƙwabta, ashe ba hannunsa za a saurara ba. Ƙafar da aka yi masa dariya a kanta a makaranta, ita ce za ta samo masa aiki. Ya kuma fahimci wani abu da Valda ba ta faɗa ba: ba ta yarda zai ci da kansa ba.

Washegari ya sauka ƙarƙashin dandamali wurin Merv Doolan, mai kula da dandamalin, wanda ya fi madugu, mai jagorantar kiɗan ƙungiyar, iko a ginin ko da yake ba a rubuta haka a ko'ina ba. Ya same shi yana cin pai, wato gasasshiyar fulawa mai nama a ciki, a kan akwatin ganga. Clarrie ya zayyana masa komai, sannan ya nuna amalanken da ake tura fiyano a kai, mai faɗin ƙofa da tayoyin roba. Ya ce a ɗaure kujera a kai, a tura kowane mai nema tun daga ƙofa har tsakiyar dandamali, kada ƙafar kowa ta taɓa katako.

Merv ya tauna, ya haɗiye, ya dube shi tun daga kai har takalmi.

"Mutumina, da ma na san ƙafarka ta samu matsala, ban san har da kan ba. An dafa maka, an zuba maka, ka ce sai ka je ka yi farauta?"

"Aikinka ne ka hana a ji takun kowa. Yana cikin doka."

"Na san doka, ni na manna ta a bango. In ka faɗi fa?"

"In na faɗi, na faɗi da hannuna."

Merv ya ce shi bai ga bambanci ba, rashin aiki rashin aiki ne ko da wace gaɓa ka same shi. Ya kira shi wawa sau biyu, ya ce bayansa ba na tura ƙattai tara ba ne. Da ya gama mitar sai ya tashi ya ɗauko gwangwanin mai ya fara ɗiga wa tayoyin.

Ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe mutum tara suka taru a ɗakin bayan dandamali, kowa sanye da rigar sanyi yana hura yatsu. Galibinsu yara ne da Clarrie zai iya haifa, sun taso daga Melbourne da Adelaide, wani ma daga Auckland. Da Merv ya yi musu bayanin amalanke sai aka yi ta kallon juna. Wani saurayi mai tsadadden celo ya ce shi bai taɓa jin haka a ko'ina ba. Merv ya ce masa ai shi ya sa aka ce ya zo Port Ellery, don ya ƙaru. Clarrie ya sa hannu a hula ya ciro lamba bakwai.

Yana zaune kusa da ƙofa lokacin da aka tura mai lamba biyar, wata budurwa mai suna Mele Fifita daga Brisbane, wadda ta zo da safar ƙwallo ja a ƙafa kuma ta roƙi aron kilif don ɗaure gashi. Ƙofar ba ta rufuwa sosai, shi ya sa ya ji komai. Ta fara, kafin ta kai layi na uku ya ajiye bakansa a cinya. Zauren nan yana da hali: yana riƙe ƙananan sautuka ɗan lokaci kafin ya sake su, wanda bai sani ba sai ya yi gaggawa ya tattake kiɗansa. Clarrie ya shekara biyar kafin ya koyi jira. Yarinyar nan ta ji abin a minti ɗaya, ta jira, zauren ya amsa mata. Jikinsa ya yi sanyi, kuma duk da haka bai so ta daina ba.

Da aka zo kansa ya hau amalanke, ya rungume celo, Merv ya tura shi yana nishi a hankali. Abin dariya ne a ce dattijo mai furfura ana gungura shi kamar buhun dankali, amma tayoyin ba su yi ko ƙis ba. A karon farko tun yana sha huɗu ya shiga wuri ba a san shi ne ba. Ya dubi baƙin labulen, ya san Valda na can ta kasa kunne. Ya kafa tsinkensa a kan allon da Merv ya ajiye wa kowa, ya ja baka.

Ya yi kiɗa mai kyau. Bai taɓa yin wanda ya fi shi ba, ya kuma san haka tun kafin ya gama. Yatsa ɗaya ya ɗan zame a sama, sauran duk ya tafi yadda ya so. Merv, wanda ke cewa shi duk kiɗa ɗaya ne a kunnensa, ya dafa kafaɗarsa kafin ya juya amalanken.

Da ƙarfe biyu Merv ya shigo da 'yar takarda ya karanta lamba biyar. Mele ta toshe baki da hannu biyu. Sauran suka taya ta murna sama-sama, suka kwashi kayansu suka nufi filin jirgi. Clarrie yana goge igiyoyin celonsa da ƙyalle sai ga Valda ta shigo da sauri, fuskarta cike da fara'a, ta buɗe hannuwa ta nufo shi. Merv ya tare ta, ya nuna mata Mele.

Valda ta tsaya. Ta dubi yarinyar, ta dubi Clarrie, fara'ar ta gushe. Ta yi wa Mele barka yadda ya kamata, ta jira har yarinyar ta fita yin waya ga iyayenta, sannan ta zauna a kan wani akwati kusa da shi. Ta ce tun safe take sauraron ƙafarsa ba ta ji ba. Da ta ga haka sai ta ce a ranta ai za ta gane shi ta hannunsa. Ƙuri'a ta rabu biyu da biyu tsakanin lamba biyar da lamba bakwai, tata ce ta raba gardama.

"Na ji yadda biyar ke jiran zauren," in ji ta. "Na ce ba mai iya wannan sai wanda ya tsufa a nan. Na rantse maka, Clarrie, kai na zaɓa."

"Na sani."

"Shekara ashirin da biyu kana bayana, ban taɓa jin ka kai kaɗai ba. Sai yau na lura."

"To yaya bakwai ɗin?"

Ta share ido da bayan hannu. Ta ce bakwai ya yi kyau ƙwarai, har madugu, ɗaya daga cikin alƙalai biyun da suka zaɓe shi, ya tambaya ko wane ne, kuma shi da ɗayan alƙalin ba su san komai game da shirinta ba. Clarrie ya gyaɗa kai. Ya so ya ji haushinta, ya nema bai samu ba. Baƙin ciki dai yana nan, mai nauyi, irin wanda ya san zai kwana da shi ya tashi da shi. Amma ƙuri'u biyun nan nasa ne, ba wanda ya ba shi su don tausayi. Ya ce mata ya ji biyar ta ƙofa, kuma da shi ne a bayan labule ita zai zaɓa. Valda ta ce wannan bai rage mata komai ba. Ya ce shi ma haka.

Merv ya riga ya zuge labulen yana naɗe kafet lokacin da Mele ta dawo ɗaukar celonta. Clarrie ya ce ta biyo shi. Ya hau dandamali da ƙafarsa, katakon ya yi ƙarar da ya saba, ya kai ta gefen ginshiƙi. Ya gaya mata ta riƙa zuwa da mayafi saboda iskar da ke shigowa ta nan, kuma kada ta yarda da kujerar da Merv zai fara ba ta, ƙafarta ɗaya na rawa. Merv ya ce daga can ƙarya ake yi masa.

Sannan Clarrie ya durƙusa da kyar, ya share ƙura da tafin hannu, ya nuna mata rami ɗaya a cikin ramuka da yawa, wanda ya fi sauran zurfi kuma bakinsa ya yi santsi.

"Nan za ki kafa," in ji shi. "Gwada ki ji."

Ta kafa tsinkenta, ya shiga daidai. Ta ja igiya mafi kauri, sautin ya bi katako har Clarrie ya ji shi a gwiwarsa. Ta ɗago kai tana murmushi, ta tambaye shi wa ke zama a nan da.

"Wani ɗan aro ne," in ji Clarrie. Ya dafa ginshiƙin ya miƙe, ya tafi ɗauko rigarsa.