Cinyar Mode

Tun lokacin da unguwar Runjin Sambo take bakin gari, al'adar Na'Allah mahauci ba ta canja ba: washegarin Babbar Sallah, bayan ragon layya ya sha wuta, kowane gida a lungun yana da kaso, cinya guda kuma ta Mode ce, tsohon amininsa na gidan ƙarshe.

A da gidajen kaɗan ne, kusan duk dangi. Yanzu gonakin gero sun zama shaguna, zauruka sun koma ɗakunan haya. Ga tela Bayarabe, ga Ibo mai sayar da kayan gyaran babur, ga Zabarmawa 'yan ga-ruwa, ga waɗanda suka gudo daga ƙauye da tabarmi kawai. Kasuwar nama kuwa ta ja baya. Na'Allah da yake yanka raguna biyu, bana ɗaya ya samu, shi ma ɗan matsakaici.

Ya daɗe zaune da wuƙa a hannu. Idan ya ware cinyar, wasu ƙofofi ba za su ga nama ba. Idan ya yanka ta, ya taɓa zumuncin da ya girmi 'ya'yansa.

"Malam, naman ba zai raba kansa ba," in ji matarsa Wasila. "Ka ba mutanen da ka sani."

"Wa ne ban sani ba? Telan nan shi ya kai ki asibiti bara."

Ya sa wuƙa ya daddatsa cinyar, aka rarraba ta ƙofa-ƙofa. Kason Mode bai cika tafin hannu ba, don haka ya ɗauka da kansa.

Ya tarar da Mode a zaure, ya ajiye faifai da 'yar wuƙa a gabansa yana jira. Mode ya leƙa kwanon.

"Sarkin fawa, mi na wanga? Ragon naka gurgu ne bana?"

"Mutane sun yi yawa, Mode. Kai kuma haƙoran da za su ci cinya sun riga ka ritaya."

Mode ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

"Kana tsammani ni ka cin ta? Tun da na daina iya layya, cinyar nan nake yankawa in ba 'yan hayata. Tsawon shekara su ke kawo mini, wannan tuwo, wancan magani. Rana ɗaya tak nake kiran su in miƙa musu abu da hannuna."

"Ai sun samu. Ba ƙofar da na tsallake."

"Sun samu," Mode ya ce, yana tura faifan gefe. "Daga gare ka."

A hanyar komawa Na'Allah ya yi ta juya maganar. Ya yi rabon daidai, babu wanda ya rasa, amma ga mutum ɗaya da ya bari da hannu wofi ta inda bai taɓa dubawa ba.

Ya shiga gida ya sauko da ɗaya cinyar, wadda Wasila ta rataye domin suyar yara.

"Ina kuma za ka da ita?"

"Gidan ƙarshe."

"Mu fa?"

"Akwai kai da ƙafa."

Ta dube shi, ta dubi cinyar, sannan ta miƙo masa tire mai tsabta.

Da la'asar, daga ƙofar gidansa, Na'Allah ya jiyo muryar Mode tana ta kiran 'yan haya, kowa da sunansa.