Wanda Ya Kawo Shi Zai Ɗanɗana

Akwai laka a ƙafar wandon mutumin, irin ta gonakin Bako bayan ruwan sama. Lakar ce Kofur Lilian ta fara gani da aka turo shi gabanta a ofishin 'yan sanda. Ta karɓi bel ɗinsa da takalmansa da tsohuwar wayarsa, ta tambayi sunansa. Philemon, daga Michika. Bara ya gudo Yola, ranar da aka shiga garinsu, ko katin shaida bai fito da shi ba. An tare shi a shingen bincike da buhu biyu na takin yuriya a keke napep, a lokacin da aka hana yawo da shi saboda masu haɗa bam.

Ranar Juma'a ce, cikin azumi. Insfekta Najmuddeen, mai binciken maganar, ya ce in Litinin ta yi babu wanda ya zo ya ce ya san shi, ba kotu za a kai shi ba, sashen ta'addanci za a miƙa shi. Lilian ta san waɗanda aka miƙa can, sai a shekara ba a ji ɗuriyarsu ba. Ta kuma san ba a zuwa wa irin wannan. Duk wanda ya zo, shi ma sai an tambaye shi inda ya san shi.

Da hantsin Asabar wani dattijo ya shigo da kular abinci da fulas. Siriri ne, farar rigarsa ta sha guga. Ya gaishe ta da Fulatanci, sannan ya koma Hausa. Sunansa Hamajoɗa, daga unguwar Ajiya. Gonar da Philemon ke nomawa tasa ce, aro ya ba shi.

Lilian ta buɗe kular. Tuwon masara ne da miyar kuka, fulas ɗin kuma kunun gyaɗa. Ta miƙa masa cokali, ta yi masa bayanin ƙa'ida: duk wanda ya kawo wa tsararre abinci sai ya ci a gabanta, ya haɗiye. Sai da ta gama ta tuna watan da ake ciki.

Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Baba, ni ba na azumi. Kawo in ɗanɗana maka."

"In kika ci ya zama naki, 'yata. Ni na kawo."

Ya rufe kular, ya koma bencin bakin ƙofa ya zauna.

Nan ya yini. Bai nemi ganin kowa ba, bai roƙi komai ba. Bencin yana kallon titi, masu wucewa suna ganinsa. Wani mai shago ya tsaya, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaya ko lafiya. Bappa Hamajoɗa ya ce yaron gonarsa ne a ciki. Mutumin bai daɗe ba. 'Yan sandan da ke shige da fice suka fara tsokanar dattijon, suna tambaya ko shi ne sabon mai gadi, ya ce in akwai fansho ya karɓa.

Ƙarfe shida ake rufe karɓar abinci, rana kuwa ba ta faɗi ba. Lilian ta yi ta jujjuya takardun gabanta, ba ta ɗaga kai wajen agogo ba. Da aka kira magariba, dattijon ya taso, ya yi bismilla, ya yanki tuwon da ya riga ya sandare ya ci, ya kurɓi kunun. Da shi ya buɗe baki. Sannan ya ce a miƙa.

Insfekta Najmuddeen na tsaye da dabino a hannu, yana kallo. Bayan sun yi salla a tabarma ɗaya, ya tambayi dattijon ko ya san abin da ake zargin mutumin da shi. Ya ce ya sani. Shi ya ce wa Philemon masara ta fara rawaya, ya nemi taki. Bai yi tunanin shinge ba. In za a rubuta, a rubuta da shi.

Lahadi ma haka aka yi. Da safen Litinin Lilian ta ga an rubuta wa Philemon laifin saɓa dokar safarar taki, an sa shi cikin masu zuwa kotun majistare a Jimeta. Ita ta raka su.

Aka karanta tuhuma, aka fassara wa Philemon da Hausa. Ya ce takin nasa ne, amma bai san dokar ta shafi manomi ba. Alƙaliyar ta ce za ta ba da beli in akwai mai gida a garin da zai tsaya masa. Dattijon ya miƙe daga bencin baya. Ta gargaɗe shi cewa in mutumin ya gudu, shi za a kama, ya ce ya ji. Ta tambaye shi sunan mahaifin wanda zai tsaya wa.

"Ban sani ba, ranki ya daɗe."

"Unguwarsu a Michika fa?"

"Ban taɓa tambaya ba. Mutum ya gudo, ba a tone shi."

"To me ka sani a kansa?"

Ya ce bara shanun maƙwabci sun shiga gonar sun ci rabin wake. Philemon ya kora su har gida, ya ba su ruwa, bai gaya wa kowa ba. A bakin mai shanun ya ji. Alƙaliyar ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe tana rubutu, ta sa ranar dawowa.

A ofishin magatakarda dattijon ya sa hannu da ajami, ya fita baranda. Philemon yana jiran nasa layin. Ya matso kusa da Lilian, ya tambaye ta yadda ake godiya da Fulatanci, don yana so ya faɗa da harshen Bappa. Ta gaya masa. Ya shiga maimaitawa a hankali, yana gyarawa.

Ta taga Lilian ta hangi farar rigar ta wuce ƙarƙashin dalbejiya, ta fita ƙofar kotun. Dattijon ya ɗaga wa keke hannu, ya tattara rigarsa, ya shiga.