Fitilar da Ta Yi Ƙaura

Ni na fara ganinta. Kafin mai gidan da nake gadi ya gani, kafin masu ɗaga hanci a Kwatano su ji cewa akwai fitilar da ta san inda take zaune, ni Akpovi na riƙe ta a hannuna, don ni na buɗe ƙofa ranar da motar kaya ta kawo kwalayen. Ban taɓa zama a aji ba, da babban yatsa nake sa hannu, amma abin da idona ya gani wasu sai dai a ba su labari.

Kwalekwale ya kife da ni a tafki ina saurayi, na fito da kifina a hannu. Kwalara ta share layinmu ta tsallake ƙofata. Babur ɗin ɗan zem, ɗan acaɓan garinmu, ya watsar da ni a kwalta, shi aka kai asibiti, ni na karkaɗe wando na tafi cin tuwon akasa. Bayan duk wannan na zama mai gadin benen atamfa da ke bayan tasha, hawa huɗu, shago a jikin shago, mata sun cika shi da kaya da surutu.

Senami, 'yar mai gidan, ita ta kawo fitilun. Kowane ƙwai da aka ɗaura, sai ta tsaya a ƙasansa da wayarta ta ba shi mazauni: wannan na shagon wance ne a hawa na biyu, wannan na matakala ne, wannan na banɗaki. A wayar akwai zanen benen gaba ɗaya, kowace fitila ɗigo ce a wurinta. Ta taɓa hawa guda, ya mutu baki ɗaya. Ta taɓa shago, haskensa ya koma fari ko ja-ja, yadda atamfa za ta fito da kyau. Fitilun kuma suna jin motsi. Ranar Lahadi da bene ke rufe, ko ɓera ya gifta sai ƙwan ya kama, wayarta ta yi ƙara.

"Papa, ka gane?" ta tambaye ni.

"'Yata, tun kafin ki buɗe baki na gane. Ke nake jira ki iso."

Abu ɗaya ne Senami ba ta sa a lissafi ba: matan benenmu ba sa barin fitila. Tun zamanin aci-bal-bal haka suke. Fitilar da ta ga cinikinki ta sha sa'arki, in kika tashi daga shago kika bar ta, wadda ta gaje ki ita za ta ci arzikinki. Don haka duk wadda ta canza shago sai ta hau kujera ta kwance ƙwanta ta sa a jaka. Ita kuwa waya ba ta da ido, inda aka ce mata fitila take, nan ta sani. Senami ta kashe hawa na uku, sai shagon wata ya yi duhu a ƙasa ana tsakiyar auna yadi. Ihu ya tashi.

"Iyayena, don Allah ku bar fitilun nan inda aka sa su!"

"Ke yarinya, ubanki ya gina bene, bai gina sa'armu ba," in ji Maman Afiavi, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin, ta kuma fi kowa baki.

Ba a jima ba gwiwoyin Maman Afiavi suka ƙi matakala, ta sauko daga hawa na uku zuwa shagon ƙasa. Sabon shagon da fitilarsa, wadda ta tashi daga cikinsa ta bar gari ne kwatsam ba ta ɗauka ba, kuma kowa ya san ta yi ciniki a nan. Sai Maman ta rasa yadda za ta yi da tsohon ƙwanta. Barinsa a sama, a'a. Ta kira ni.

"Kai tsohon kada, zo nan. Ungo. Kai dai ba ka sayar da atamfa, ba abin da za ka ci mini."

"Maman, da ina sayarwa ai da kin koma tallan soyayyar ayaba."

"Rufe mini baki. Ka riƙe ta da kyau, ta aurar da 'ya'yana uku."

Na kai ta ɗakin injin ruwa, can ƙarƙashin bene, inda wani tsohon ƙwai mai hasken kyandir ke lilo tun zamanin da. Ɗakin nan ba ya cikin zanen Senami, ba wanda ya tuna da shi sai ni. Na kwance shi na ɗaura ta, na ɗaga hannu, wuri ya yi fes kamar rana ta shigo. To, ni ba mai ɓoye alheri ba ne. Shago-shago na bi ina faɗa: ɗakin injin Akpovi ya fi ɗakin amarya haske, wadda ba ta yarda ba ta sauko. Na faɗa wa masu dako, na faɗa wa mai sayar da ruwan kwakwa. Har Maman ta ce in na ƙara maimaita mata za ta karɓe abarta. Senami kaɗai ban gaya wa ba, don na san faɗa za ta yi.

Wata Lahadi da hantsi, bene a rufe, kowa yana coci, na ji injin yana wani kuka da ba nasa ba. Na rataye rigata a ƙusa da wayata a aljihu, na sauka da singileti da sandata. Bututu ne ya tsage, ruwa yana feshi. Na taka don in rufe famfon, santsi ya ɗebe ni. Na ji ƙugu ya ce ƙas. Na yi yunƙurin tashi, duniya ta juya.

Ƙofar ƙarfen ɗakin ta riga ta rufe kanta a bayana. Na yi ihu, injin ya haɗiye muryata. Ba mai shigowa benen sai Litinin da safe, ruwa kuwa ba ya jiran Litinin. Ya rufe ƙafafuna, ya fara lasar cinyoyina. Na ja jiki na jingina da bango, iyakar ƙarfina ke nan.

Sai fitilar ta mutu, don na daina motsi.

A cikin duhun nan ne na tuna. Wani zai ce tsoro ne ya tuna mini, ni na ce basira ce. Na ɗaga sanda na kaɗa, fitila ta kama. Na bari ta mutu, na sake kaɗawa. Na ce mata, "'Yar Maman, kin aurar da mata uku, yau ki ceci namiji ɗaya. Je ki kira Senami."

Abin da ya faru a sama, daga bakinsu na ji daga baya. Senami tana cocinsu, waya ta dinga zuga a jaka. Ta duba: motsi a hawa na uku, tsohon shagon Maman Afiavi. Da wata ce, da ta kashe wayar ta ci gaba da waƙa, don sau nawa fitilun nan suna mata ƙarya. Ita ta fita, ta tare ɗan zem, ta zo da makullinta. Ta kira sunana a ƙofa, shiru, ga rigata a ƙusa. Ita da ɗan zem ɗin suka hau sama. Shago fayau, ba kaya, ba mutum, a rufin kuma ba ƙwai, sai ramin da aka kwance shi. Waya kuwa tana cewa ga fitila nan tana ci.

"Madam, biya ni in tafi," in ji ɗan zem. "Fitilar da babu ita tana kamawa? Wannan aikin na gidan boka ne."

"Tsaya nan, matsoraci. Ƙaura ta yi."

Ta shiga sauya launin ɗigon, ja, fari, ja, tana bin hawa-hawa tana leƙa ƙarƙashin ƙofofi ko za ta hango inda ke walƙiya. Ni kuwa a ƙasa ruwa ya kai cibiyata, hannuna ya mutu da kaɗa sanda, sai na ga ɗaki ya koma ja. Ya koma fari. Ya sake ja. Ban taɓa kuka ba tun da aka binne uwata, kuma ranar ma ruwan bututu ne ya fantsamo mini a ido. Amma na san an ji ni.

Da ta rasa, ta tura ɗan zem cocin su Maman Afiavi. Ya shiga har tsakiyar mata ya jawo ta, ta hau babur da ɗaurin kanta kamar jirgin ruwa, da gwiwoyin nan nata.

"Maman, ina fitilarki ta sama?"

"Na ba tsohon kada."

"Ina ya kai ta?"

"Ke kaɗai ce a Kwatano ba ki ji ba? Ya ishe mu! Ɗakin injin Akpovi ya fi ɗakin amarya haske!"

Ruwa yana ƙirjina suka turo ƙofar. Ɗan zem ɗin nan da ya so gudu, shi ya shiga ya rufe famfo ya saɓo ni a kafaɗa, Allah ya raba shi da haɗarin hanya. Maman tana bakin matakala, takalmin cocinta a hannu, tana zagina tana share hawaye.

"Da ka mutu a ƙarƙashin fitilata, wa zai ƙara sayen yadi a hannuna? Mugu!"

An sa mini ƙarfe a ƙugu. Matan bene suka yi ta jigilar miya da kifin banda zuwa asibiti har ma'aikatan suka yi ƙiba. Da na dawo, Senami ta nuna mini zanen: ta ƙara ɗan ɗaki a can ƙasa, da ɗigo ɗaya a ciki. Ta kuma daina faɗa da matan. Yanzu duk mai tashi ta ɗauki fitilarta, amma ta biya ta wurin Senami a tayar da ɗigon ya bi ta. Ko Maman ta yarda da wannan, ta ce ai gaisuwar sabon wuri ce.

Kullum da safe ina gode wa Allah, sannan 'yar nan da ba ta kashe wayarta ba, sannan tsohuwar da ta ba ni sa'arta da hannunta. Bakina ma ina gode masa. Shekara da shekaru ana cewa in rage cika baki, da na rage da yanzu ciyawa ta tsiro a kaina.

Wanda ya ce ƙarya nake, benen bai tashi ba. Ya zo ranar Lahadi, in kai shi ƙasa, in rufe masa ƙofar ƙarfen, in ba shi sandata. Mu ga ko shi akwai wanda zai bar coci dominsa.