Bindigar da Tata Fezile Ya Zaɓa

"Sake ja, Tata," in ji Mawande. "Da ƙarfi mana. Ba tunkiya kake tatsa ba."

Tata Fezile ya sake kama ƙarfen saman bindigar da hannun hagu, ya ja baya. Yatsunsa suka zame. Ya goge su a jikin wando, ya sake kamawa, suka sake zamewa.

Muna tsaye ne a shagon bindigogi a garin Komani, cikin watan Oktoba, gari ya fara ɗumi. Ni na kawo su a motata, domin ni ce mai cika wa Tata Fezile takardu. Shekara ashirin da ɗaya shingen waya kawai ya raba gidana da nasa, kuma duk wasiƙar da ta zo masa ni nake karanta masa idan na taso daga makaranta. Tata da yarenmu baba ke nan, haka kowa ke kiransa. Mawande ɗansa ne, shi kaɗai ya rage masa. Yana aikin gadi a birnin East London da ke bakin teku, tafiyar 'yan sa'o'i daga nan, ya zo takanas don ya taya uban zaɓe.

Mai shagon, Oom Stoffel, wato Kawu Stoffel, ya shimfiɗa ƙyalle a kan gilashi ya ajiye bindigogi biyu. Ɗaya baƙar fistol ce, wadda sai an ja ƙarfen samanta baya kafin harsashi ya hau. Ɗayar libarba ce gajeriya, mai marikin katako.

"Tata, ajiye wannan," in ji Oom Stoffel. "Ɗauki libarbar. Babu abin ja, babu abin turawa. Ka ɗaga, ka matsa kunama, shi ke nan. Ba da irinta ka ci jarrabawar harbi ba?"

"Da irinta ce," na amsa masa.

Tata Fezile ya ɗauke ta. Shekara talatin ya yi yana riƙe da injin huda dutse a ramin zinare, ya dawo gida yatsunsa a lanƙwashe kamar saiwar itace. Manuninsa na dama kaɗai ke motsi yadda yake so. Libarbar ta zauna a tafinsa daidai. Na ga fuskarsa ta saki.

"Harsashi nawa take ci?" in ji Mawande.

"Shida."

Mawande ya kwashe da dariya, ya juya ya dubi wasu manoma biyu da suka shigo sayen harsashi. "Shida! Ɓarayin tumaki su biyar-biyar suke zuwa. Wannan ai bindigar kaka ce, irin wadda tsofaffin mata ke sakawa a jaka tare da alewa da maganin ciwon gwiwa. Waccan goma sha biyar take ci."

"Goma sha biyar ba su da amfani in na farko bai hau ba," in ji Oom Stoffel. "Ka bar hannunsa ya zaɓa, ɗana."

"Ni ba ɗanka ba ne. Me kake nufi? Ubana ba namiji ba ne? Mutumin da ya fasa duwatsu shekara talatin, kai kana zaune a inuwa, shi za ka ba bindigar mata?"

Manoman suka tsaya suna kallo. Ɗayansu yana murmushi.

Tata Fezile ya ajiye libarbar a hankali. Ya ɗauki fistol ɗin, ya sunkuya, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya sa hannu biyu ya ja. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Muka ji ƙas! Ta hau. Da ya ɗago, fatar da ke tsakanin babban yatsansa da manuni ta yage, jini na ɗiga a kan takalminsa na zuwa coci.

"Kun gani!" in ji Mawande yana tafi. "Tsohon zaki ke nan!"

"Rubuta wannan, Malama," in ji Tata Fezile. Bai dube ni ba.

Lasisi lamba ɗaya yake bi, lambar da ke jikin bindigar da ka zaɓa. Za ta zauna a shago har takarda ta fito, kuma in ka canza ra'ayi sai ka koma farkon layi. Na san haka, Oom Stoffel ma ya maimaita. Duk da haka na ciro alƙalami na rubuta lambar, harafi bayan harafi, da irin rubutun da nake koya wa 'yan aji huɗu. Na ma sake dubawa don kada in yi kuskure.

A hanyar komawa Mawande ya miƙe ƙafa a kujerar baya. "Ka san wata rana ni zan gaje ta, Tata. Da wane ido zan shiga East London da bindigar kaka?"

Uban ya ci gaba da kallon gonaki ta taga, da hankicina naɗe a hannunsa.

Wata tara aka yi ana jira. A cikin makon farko ya roƙe ni in samo masa ƙwallon roba daga makaranta, na kawo masa wata ja, ƙarama. Kullum da safe idan na fito zan gan shi zaune a bakin garken tumakinsa yana matsa ta, hagu sannan dama. Da ita yake bin tumaki zuwa gangare. Ranar Lahadi ma tana cikin aljihun jar falmaransa ta ƙungiyar mazan coci.

Tumaki talatin da ɗaya gare shi lokacin da muka je shago. Kafin Kirsimeti an kwashe huɗu. A watan Maris aka kwashe shida da rana tsaka, yana cikin gari karɓar magani. Ɓarayin sun daina jiran duhu, domin sun san wanda ya rage a ƙauyukanmu: tsofaffi, da mata, da jikoki.

Wata rana na kai masa dafaffen masara da wake, na ce, "Tata, mu koma wurin Oom Stoffel mu sake takarda. Libarbar tana nan."

"A sake jiran wata tara?"

"Ko da haka ne."

"Tumakina ba su da wata tara, Malama." Ya matsa ƙwallon. "Kuma me zan ce wa yaron?"

Lasisin ya fito a watan Yuli, ƙanƙara ta rufe kan duwatsu. A sanyi irin wannan ko maɓallin rigarsa ba ya iya sawa sai ya gasa hannu a wuta. Muka ɗauko bindigar, ya zauna da ita a ɗakin girkinsa kusa da murhu. Ya ja, ba ta hau ba. Ya sa ta a gwiwa, ba ta hau ba. Sau bakwai na ƙirga.

"Kawo in gani," na ce.

Na ja sau ɗaya, ta hau. Da na sani da ban yi a gabansa ba.

"To ga dabara," na ce da sauri. "Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai in ɗana maka ita."

"Mace ta ɗana min bindiga kowace safiya, kamar mai ɗaura wa yaro igiyar takalmi?" Ya karɓe ta daga hannuna, ya sa ni na fitar da harsashin. "Hannun zai saba. Sanyi ne kawai."

Ranar Asabar ta biyu bayan nan, da hantsi, ina shanya wanki sai na hango wata farar a-kori-kura ta tsaya a ƙetaren rafi, inda yake kiwo. Mutum uku suka sauko. Ba su rufe fuska ba, ba su yi sauri ba. Biyu suka fara kora tumaki, ɗaya ya nufi Tata Fezile hannunsa a aljihu.

Na ga tsohon ya ciro bindiga. Na ga mutumin ya tsaya cak. Sai Tata Fezile ya sunkuya, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa.

Na san wannan sunkuyon. Na saki zanin gadon da ke hannuna na fara gudu ina ihu, amma tsakanina da su akwai shinge biyu da rafi. Iska ta kawo min dariyarsu. Mutumin ya tsaya yana jiransa, har ya kira sauran su zo su gani. Daga baya ya miƙa hannu ya zare bindigar kamar mai karɓe wuƙa daga hannun jariri. Ya ja sau ɗaya.

Harbi ɗaya suka yi. Suka gama loda tumakin, suka tafi.

Na same shi kwance a gefe, hannu biyu dafe da cikinsa inda harsashin ya shiga. "Ya ce min, 'Kawo in taya ka, kaka,'" in ji shi. "Har da na gode ya ce."

Kwana uku ya yi a asibiti. A rana ta biyu wani ɗan sanda ya zo da takarda, ya ja kujera kusa da gadon. Ba maganar tumaki ta kawo shi ba. Ya ce dole a bincika ko da sakaci aka rasa bindiga mai lasisi. Ni na cika wannan takardar ma.

Mawande ya iso da yamma. Ya tsaya a ƙarshen gadon da jaka a kafaɗa, bai ko ajiye ta ba.

"Goma sha biyar, Tata," ya ce. "Harsashi goma sha biyar, ko ɗaya ba ka harba ba? Sabuwar bindiga dal ka miƙa musu?"

"Bhuti Mawande, mahaifinka ne a kwance," na ce, ina kiransa ɗan'uwa da yarenmu.

"Ke ma da kike wurin, Mama, me kika yi? Kin rubuta sunayensu a rajista?"

Tata Fezile ya buɗe ido. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na sunkuya na ji. "Ce masa ya yi haƙuri. Ce masa na kusa. Saura kaɗan ta hau."

Washegari da azahar ya cika. Ina riƙe da hannunsa na dama, manunin yana ta motsi a tafina har ya daina.

Ranar jana'iza an kafa rumfa a tsakar gidansa, mazan coci suka jeru da jajayen falmaransu suna waƙa. Mawande ya tashi cikin baƙar kwat ya yi jawabi. Ya ce ubansa ya mutu a tsaye, da bindigar maza a hannu, shi kaɗai a gaban mutum shida. Mutane suka gyaɗa kai. Oom Stoffel ya zo, ya tsaya can baya da hula a hannu, ya tafi kafin a raba abinci. Mawande ya koma East London ranar Litinin, da rediyon uban da bargonsa sabo.

Ni aka bar wa makullin gidan. Da na shiga sharewa na tarar da akwatin ƙarfen da doka ta sa ya kafa a bango don ajiye bindigar, a buɗe, babu komai ciki sai lasisin, a naɗe cikin leda. Na rufe shi na fito.

A bakin garke, kan dutsen da yake zama, jar ƙwallon tana nan. Ta lotsa ta gefe ɗaya, ta ƙi komawa. Ƙofar garken a buɗe take, iska na kaɗa ta, kuma wani guntun ulu da ya maƙale a waya yana rawa.