Gonar Ƙarshen Kanal

A shekarar da ruwan kanal, wato magudanar ban-ruwa, ya yi ƙaranci, manoman rani na wani ƙauye kusa da Bunkure suka zaɓi Malam Hashimu ya riƙa raba musu ruwa, domin an san shi da tsoron haƙƙin mutane. Ya yanke cewa kowace gona awa biyu za ta samu, ba ƙari ba ragi.

Gonar da ke can ƙarshen kanal ta Jaji ce, taubashinsa. Ran nan Jaji ya tare shi a bakin kwalbati.

"Kai bawana, agogon nan naka ya taɓa noman albasa?"

"Ubangidanka dai. Me ya faru?"

"In ka sakar mini ruwa, kafin ya ratsa ciyawa ya iso, awa guda ta tafi. Ƙasata kuma rairayi ce, zuƙewa take yi. Ƙara mini ko rabin awa, in ba haka ba albasata za ta mutu."

Hashimu ya san gaskiya Jaji ya faɗa, amma ya ji tsoron a ce ya fifita ɗan gwaggonsa.

"Abin da na ba kowa shi na ba ka. In na ƙara maka, me zan ce wa Ibrahimu na bakin kanal?"

"Ka ce masa ya zo ya gani."

Daga nan Jaji bai sake ta da maganar ba.

Sai bayan mako uku Hashimu ya taka har ƙarshen kanal, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗora masa aikin. A hanya ya ga Ibrahimu yana fasa kunyar gonarsa domin ya zubar da rarar ruwa, gudun kada lakarsa ta ruɓar da shuka. A gonar Jaji kuwa ganye ya ƙone ya kwanta. Ya tono albasa guda, ba ta kai girman goro ba.

Washegari ya tara manoma, ya roƙi a ƙara wa gonar ƙarshe awa guda. Babu wanda ya musa. Ibrahimu ma cewa ya yi, "Haba Malam, ai da tuni ka faɗa."

Wannan magana ta fi komai yi wa Hashimu ciwo. Jaji kuwa ya riga ya haƙura da noman bana, ya tafi Kura yana dakon buhuna a injin casar shinkafa. Ranar da rabonsa ya zagayo, Hashimu ne ya ɗauki fartanya, ya yi awa uku yana juya ruwa a gonar, ko ganye ɗaya bai miƙe ba.