Ƙashin Pegah

Pegah ta fi mu gudu duka. Da safe a bakin kogin Isfahan, mu muna haki kamar za mu amayar da huhu, ita tana gaba tana gyara ɗankwali. Daga garin Yazd ta zo karatu, kuma ita kaɗai aka zaɓa a ƙungiyarmu don gasar ɗalibai ta ƙasa bayan hutun Nowruz, bikin sabuwar shekararmu. Ba ta da wata magana sai ta gasar nan.

A gidan kawunta ta sauka. Matarsa Mahshid mace ce mai kirki, sai dai a Kanada ta girma, ta'arof, wato karar da muke yi wa juna, bai shige ta ba. A wajenmu kowa ya san in an miƙo abinci ka ce ka ƙoshi, a sake miƙowa ka ƙi, sai a na uku ka karɓa kamar an tilasta maka. Mahshid kuwa sau ɗaya take tayi. Pegah ta ce ta ƙoshi, sai ta ɗauke kwanon shinkafar har da ƙanzonsa da nonon, ta kai firji. Mutanen Yazd da kara, ko mutuwa za ta yi ba za ta buɗe firjin mutane ba. Haka ta yi wata da watanni a kan shayi da gurasa, tana gudu kullum. Al'adarta ta ɗauke, ba ta gaya wa kowa ba. Ramar ma muna yaba mata.

Ana saura kaɗan hutu ƙaurinta ya fara ciwo. Ni na raka ta aka ɗauki hoto, aka auna ƙwarin ƙashi. Likitar ta ce zuciya da huhu kam ba ta ga irinsu ba a bana, amma ƙashin na tsohuwa ne, ga tsaga a ƙauri. Gudu yana gina ƙashi ne in akwai abin ginin. Ta tambaye ta me take ci.

"Abin da aka ba ni," in ji Pegah.

Aka hana ta gudu har kaka. Sunana aka sa a gurbinta. Na ji daɗi, kuma na ji kunyar jin daɗin.

Ni na yi wa Mahshid bayani. Sai ta ce, "To ba ta da baki ne? Gidan kawunta fa!"

Ran da zan tafi gasar na biya gidansu sallama, na tarar suna cin abincin rana, sandar dogarawar Pegah jingine da kujera. Mahshid ta miƙo kwano.

"Pegah 'yata, ƙara."

"Na gode, na ƙoshi."

Mahshid ta fara janye hannu, ta tuna, ta dawo da shi. Ta yi tayi na biyu, ta yi na uku, tana kallona ko ta yi daidai. Pegah ta karɓa ta ci, ba ta ɗago kai ba har na ɗauki jakata na fita.