Riyal ɗin da Ustaz Midhat Ya Kushe

Tun da Ustaz Midhat, mijin yayata, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa ya koma tara tsofaffin sulalla, mu kuma muka shiga uku da wa'azi. Ko shayi ka je sha gidansu sai ka sha dokoki: kada ka wanke tsohon sule, dattin nan shi ne darajarsa; kada ka saya a hannun mai gaggawa. Babbar dokar kuwa, wadda sai ya ɗaga yatsa yake faɗinta, ita ce kada mai kaya ya ga kwaɗayi a idonka. Kushe abin, ka juya baya, farashi zai sauko da kansa.

Gaskiya ya san harkar. Duk kasuwar Attarin a nan Iskandariyya, in Ustaz ya ce sule jabu ne, magana ta ƙare.

Wata Asabar muka shiga shagon Hajji Sha'aban, mai sayar da tsofaffin fitilu da farantan tagulla. Cikin wani kwano Ustaz ya hango riyal na azurfa na zamanin Turkawa, shi kaɗai ya rage masa ya cike jerin da ya yi shekaru yana haɗawa. Na ga kunnuwansa sun yi ja. Amma ya ɗauka, ya duba da ɗan gilashinsa, ya yamutsa fuska, ya ce nauyin bai yi masa ba. Ya ajiye muka fita.

Na ce ya koma ya biya abin da Hajji ya yanka, tunda ba wata tsada ba ce. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa, ya ce irina ne ke ɓata kasuwa.

Haka ya dinga komawa duk mako da sabon aibi. Yau rubutun ya karkace, gobe ƙararsa a kan marmara ba ta azurfa ba ce. Hajji, dattijo mai gudun haram, sai dai ya saurara yana shafa gemu.

Ranar da Ustaz ya ga lokacin saye ya yi, ya sa kwat ɗinsa na zuwa biki, ya jefa ɗan akwatin karammiski na ajiye riyal ɗin a aljihu, ya ja ni. Hajji na ganinsa ya miƙe da murna, ya aika a kawo shayi, ya kira maƙwabta.

"Allah ya saka maka, Ustaz. Jiya wani daga Alƙahira ya taya riyal ɗin nan da tsada, har na miƙa hannu sai na tuna maganarka. Na ce da furfurata ba zan cuci bawan Allah ba."

Ya nuna mana kantar shagon. Yadda iyayenmu ke yi wa kuɗin jabu haka ya yi: ga riyal nan an kafe shi a katako, ƙatuwar ƙusa ta ratsa tsakiyarsa.

Maƙwabta suka roƙi Ustaz ya koya musu yadda ya gane. Ya tsaya ya sake lissafa aibin nan ɗaya bayan ɗaya, suna ta jinjina kai. Na sha yi masa dariya a duniya, amma ranar tausayinsa ya kama ni sosai.

Da mutane suka watse ya matsa kusa, ya ce a hankali ko Hajji zai ba shi abin haka nan da hujinsa, don tunawa.

"Haba Ustaz," in ji Hajji, "mutum irinka da jabu a gida? Wallahi ba da ni ba."